Ma'aunin Malam Falaki

Shekara tara Malam Falaki yana koyar da ilimin taurari ga 'yan ajin farko a jami'a, kuma duk taran a matsayin malamin wucin gadi. Shi a wurinsa wannan ba komai ba ne illa hassada. Ko ka tambaye shi ko ba ka tambaye shi ba, sai ya gaya maka cewa a faɗin ƙasar mutum biyu ne suka fahimci sararin sama, ɗayan kuma ya rasu. Falaki ma ba sunansa ba ne. Ɗalibai ne suka laƙa masa don tsokana, shi kuwa ya ɗauka girmamawa ce, har ya sa aka buga masa shi a jikin jakarsa.

A farkon shekara ta goma Shugabar Sashe ta kira shi ofis. Mace ce mai magana a hankali, wadda ba ta maimaita zance.

"Malam, bana kwamiti zai zauna a kanka, kuma zaman ƙarshe ne," in ji ta. "Ko a tabbatar da kai, ko a sallame ka. Abu biyu za su duba: zuwan ɗalibai aji, da sakamakon jarrabawa. Ajinka mutum ɗari uku ne a takarda. Ranar da na leƙa, arba'in da ɗaya na ƙirga, har da mai shara."

"Ranki ya daɗe, ai sama ma ba kullum ake ganin taurarinta duka ba."

"Ni ba sama aka ba ni riƙo ba, sashe aka ba ni. Idan an tabbatar da kai, akwai gida mai ɗaki uku a rukunin ma'aikata. Idan ba a tabbatar ba, ka san sauran."

A cikin maganar nan kaf, abin da ya shiga kunnen Malam shi ne gida mai ɗaki uku.

Da ya koma gidan hayar da suke zaune, bai ko shiga ɗaki ba. Ya tsaya a bakin famfo, inda maƙwabta ke layin ruwa, ya yi gyaran murya ya sanar da su cewa zaman da yake yi a cikinsu ya kusa ƙarewa, kowa ya fara shirin kewarsa. Matarsa, Maman 'Yan Biyu, tela ce, kuma ba ta yarda da awon da ba ita ta yi ba. Ta ɗaga ƙafa daga keken ɗinki ta leƙo ta taga.

"Baban 'Yan Biyu, an ba ka makullin ne?"

"Makulli ai ƙarfe ne. Ki fara neman kwalaye."

"Na ce an ba ka?"

"Mace, ina yi miki maganar abin da ya tabbata a lissafi, kina yi mini maganar ƙarfe. Akwai tsarin da zan fito da shi wanda jami'o'in duniya za su riƙa aiko mutane su zo su kwafa."

Kwana huɗu ya yi yana rubutu. Ranar laccar farko ya shiga zaure da takarda mai shafi goma sha shida, ya sa aka raba wa kowa, ya kai wa Shugabar Sashe kwafi, ya kai wa sakatariya kwafi. Ɗalibai suka yi fifita da nasu. Shugaba ta ɗora kofin shayi a kan nata. Sakatariya ta ninke nata ta tokare ƙafar tebur da ke girgiɗi.

Doka ta farko ta ƙofa ce. Ƙarfe takwas daidai za a rufe zaure, duk wanda ya zo bayan haka bai zo ba. Malam ya kira dattijon da ke riƙe da makullan zauren, wanda kowa ke ce wa Baba Mai Makulli, ya tsayar da shi gaban aji.

"Baba, tun da aka halicci rana, ka taɓa jin ta makara?"

"Ban taɓa ji ba, Malam."

"To mai nazarin rana ma ba zai makara ba. Takwas ta buga, ka danna kwaɗo. Kada ka buɗe wa kowa sai goma."

"Kowa da kowa, Malam?"

"Kowa! Ko ni ne! Ko shugaban jami'a ne ya zo da jiniya!"

Baba tsohon soja ne, bai san wasa da umarni ba. Ya ce a rubuta masa. Malam ya rubuta ya sa hannu da wani irin lanƙwasa, Baba ya ninke takardar ya cusa a cikin hularsa.

A mako na uku Malam ya zo da wuri zai nuna yadda dare da rana ke sauyawa. Ya ajiye ƙwallon da zai zama duniya, sai ya tuna ya bar fitilar da za ta zama rana a ofis. Saura minti uku. Ya fita da gudu, ya dawo yana haki da fitila a hammata, ya tarar da kwaɗo, Baba kuma yana zaune kan kujerarsa yana sakace.

"Baba, buɗe."

"Takwas da minti biyu, Malam."

"Ni ne fa!"

Baba ya cire hula, ya warware takarda, ya nuna masa da yatsa inda aka rubuta ko ni ne, ya mayar da hularsa.

Ranar ta taga aka yi lacca. Malam ya kifa bokitin mai shara ya hau, ya zura kai da hannu ɗaya ta tsakanin ƙarafa, yana ihu a juya ƙwallo. Rana ta gaske kuwa tana dukan ƙeyarsa. Masu wucewa suka taru suna kallo, wata mai sayar da lemo ta tambaya ko ɓarawo aka kama. Can bokiti ya gaji ya lotse, Malam ya zube, wayarsa ta fita daga aljihu ta daki dutse. Da ya miƙe ya kakkaɓe wando, sai ya dubi jama'a ya ce da gangan ya yi, don ya gwada amanar Baba, kuma Baba ya ci jarrabawa.

Doka ta biyu ta wurin zama ce. Malam ya tsara zauren kamar yadda duniyoyi ke zagaye rana. Ranar kuwa, ba sai an faɗa ba, shi ne. Wanda bai taɓa fashi ba yana layin gaba, kusa da haske. Duk fashi ɗaya a matsar da mutum baya layi ɗaya, har ya kai can ƙurya inda duniyoyin sanyi da duhu suke, don kunya ta ishe shi.

Abin da Malam bai lissafa ba shi ne, a ƙuryar can fanka ɗaya tilo mai aiki take. A can tagogi suke, a can ake iya duba waya, a can mutum zai kifa kai ya yi barcinsa ba mai tashinsa. Layin gaba kuwa babu komai sai ƙurar alli da feshin yawun Malam, don in ya ce "falaki" sai an goge fuska. Kafin wata guda ɗalibai sun fara yin fashi da lissafi don su samu ƙarin girma zuwa baya. Har faɗa aka yi tsakanin mai fashi shida da mai fashi bakwai a kan kujerar ƙarƙashin fanka. Layin gaba ya rage mutum ɗaya, wata siririyar yarinya mai tabarau da ake kira 'Yar Gaba. Tallafin karatu ke riƙe da ita, in ta faɗi darasi ɗaya an yanke, saboda haka take zuwa da hankici ta zauna ta daure.

Doka ta uku ita ce zuciyar tsarin, tana shafi na goma sha huɗu, inda idon kowa bai kai ba. Masana taurari tun zamanin da suna auna hasken tauraro ne a juye: mafi haske shi ne mai ƙaramar lamba, mafi dusashewa shi ne mai babbar lamba. Malam ya ce abin kunya ne a koyar da taurari sannan a ba da maki irin na masu koyar da lissafin kasuwa. A ajinsa kowa zai fara da sifili, tas kamar tauraron asuba. Fashi ɗaya a ƙara maka biyu. Kowace amsa ta kuskure a jarrabawa ma a ƙara maka biyu. Lacca ashirin ce, maki arba'in ke nan, jarrabawa sittin. Wanda ya tara ɗari ya dushe ƙurmus. Da wani ɗalibi ya tambaye shi shi nawa yake da shi a wannan ma'auni, sai ya ce shi ai yana ƙasa da sifili, wajen da rana take.

Wayar da ta fashe ya kai wa wani mai gyaran waya da ke da rumfa a bakin ƙofar jami'a, mutum mai fara'a da tabon dalma a yatsu. Tun daga ranar rumfar ta zama wurin hutun Malam, don ya samu mai saurare da ba ya iya tashi ya bar sana'arsa.

"Ni ba na kiran suna a aji," in ji Malam wata rana bayan jarrabawa, yana zaune kan bencin rumfar. "Lamba nake kira, kamar yadda ake yi wa taurari. Akwai wani lamba ɗari biyu da sha huɗu, ban taɓa jin ya amsa ba. Jarrabawa ma bai zo ba. Ka san nawa ya tara? Ɗari cif!"

Mai gyara ya ajiye abin aikinsa a hankali. "Ɗari, Malam? Bisa ɗari?"

"Ko ɗigo babu ragi. Shi kaɗai ne a ajin."

"Kai, Allah ya saka maka da alheri, Malam. Wallahi irinku ba su da yawa."

"Ai na sani," in ji Malam. Ya tafi yana jin daɗin cewa ko mai gyaran waya ya gane darajar adalci.

Washegari ya kai takardar maki wurin sakatariyar sashe, wadda ake kira Anti Mai Kwamfuta. Shekara ashirin tana shigar da maki, ta san kowane ɗalibi da halinsa. Ta bi jerin da yatsa, ta tsaya.

"Malam, yarinyar nan mai tabarau, huɗu ka ba ta?"

"Huɗu. Da ta ƙara ƙoƙari kaɗan da sifili za ta samu."

Anti ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau. "Me ta yi maka?"

"Me ta yi mini? Kullum tana gabana, ba ta taɓa fashi ba. Abin da ta shuka ke nan."

"To waɗannan masu tamanin da casa'in ɗin fa? Wannan na san shi, ko hanyar zauren bai sani ba."

"Shi ya sa. Anti, kin karanta shafi na goma sha huɗu?"

"Malam, ni na'urar nan lamba take karɓa. Saba'in zuwa sama ta rubuta A, ƙasa da arba'in ta rubuta F. Ba ta karanta shafi."

"Ke ce ba kya karantawa. Kwamfuta ai 'yar kimiyya ce, ni da ita yarenmu ɗaya. Na rubuta Ma'aunin Falaki a saman takarda da jan biro, za ta gane. Ki shigar da abin da aka ba ki, ki bar tunani ga waɗanda aka ɗauka aikin tunani."

Anti ta jawo takardar gabanta. Sannan ta ce, "To, Malam," da wani irin ladabi da ya kamata ya tsorata shi, ta shigar da komai yadda yake, ko waƙafi ba ta taɓa ba.

Bayan mako biyu Shugabar Sashe ta tare shi a baranda, fuskarta a sake karo na farko cikin shekara tara.

"Malam, na ga taƙaitaccen sakamako. Mutum ɗari biyu da goma sun samu A. Har da mai ɗari bisa ɗari! Ba a taɓa yin haka ba a sashen nan. Yaya ka yi?"

Wani mai hankali da ya tsaya ya tambaya su waye ɗari biyu da goman. Malam kuwa yabo ya ji, yabo kuma yana toshe masa kunne. Ya ɗauka na'ura ta juya lissafin kamar yadda ya ce za ta yi, bai ko tsaya ya tuna nawa ne masu ƙaramar lamba a takardarsa ba.

"Ranki ya daɗe, tsari ne. Yana shafi na sha huɗu."

"Zan duba," in ji ta, ba ta kuwa duba ba. "Ranar Litinin, laccar farko ta sabon zango, Shugaban Tsangaya zai zo da kwamiti su ga ajinka. A nan za a ba gwarzon ɗalibinka kyauta. Ranar Alhamis ka samu takardarka."

Malam bai taka ƙasa ba har gida. Ya wuce kai tsaye wurin mai gidan haya, ya gaya masa ya nemi wani, shi ranar Alhamis zai tashi, kuma ya ba shi shawara kyauta cewa ya gyara magudanar ruwa in yana son mutanen kirki su sake zama a gidansa. Mai gida ya ce ba komai, dama akwai mai jira. Daga nan Malam ya tafi tasha ya yi magana da direban motar ɗaukar kaya, Alhamis ƙarfe huɗu daidai, ya kuma gargaɗe shi cewa shi ba ya son makara. Maman 'Yan Biyu ta sake tambayar makulli. Ya ce in ta ƙara ambaton makulli zai ɗauka ba ta yarda da kimiyya ba. Ta yi tsaki, amma ta fara ɗaure kaya, don ita ma ɗaki ukun nan ya shiga ranta, har ta zaɓi wanda za ta sa keken ɗinki.

Ranar Litinin zaure ya cika maƙil, don an kafe sakamako a allon sanarwa da sassafe, kuma 'yan baya sun zo su ga malamin da ya yi musu wannan karamci. Malam ya shigo da sabuwar riga, aka tashi ana tafi da fito. Ya ɗaga hannu biyu yana karɓar gaisuwa. Bai lura da 'Yar Gaba ba, wadda ke zaune a wurinta idanu jajur.

Takwas ta buga, Baba ya danna kwaɗo. Takwas da minti huɗu Shugaban Tsangaya ya iso da Shugabar Sashe da mutum uku na kwamiti, da mai ɗaukar hoto, da wani riƙe da kofin kyauta.

"Baba, buɗe mana," in ji Shugabar Sashe.

Baba ya miƙe ya sara mata, ya cire hula, ya warware takarda.

Malam ya hango su ta taga. Ya ruga bakin ƙofa yana magana ta kafar makulli. "Baba, buɗe! Manya ne!"

"Ka ce ko shugaban jami'a ne, Malam. Wannan ma bai kai shi ba."

"Na janye dokar!"

"A rubuce ka ba ni. Sai a rubuce."

Aka shiga neman biro. Malam ya rubuta janyewa a bayan takardar wani ɗalibi ya tura ta ƙarƙashin ƙofa. Baba ya ce sa hannun bai yi kama da na farko ba, babu lanƙwasar. Sai da aka sake sau uku. Shugaban Tsangaya, mutum mai ƙiba da rashin son rana, ya yi minti ashirin a tsaye yana goge wuya.

Da aka shiga, Malam ya yi borin kunya ya ce wannan kaɗan ne daga cikin ladabin da ya koya wa ma'aikata. Shugaban Tsangaya ya dube shi kawai, ya karɓi kofi, ya buɗe takarda.

"Ɗalibi mai lamba ɗari biyu da sha huɗu, maki ɗari bisa ɗari. Ya fito."

Kowa a zaure ya shiga waige. Can daga ƙarƙashin fanka wani ya ce, "Ranka ya daɗe, yana bakin ƙofar jami'a. Bari a kira shi."

Ba a jima ba sai ga mutum ya shigo da sauri, baki har kunne, yana goge hannu a riga, da buɗaɗɗiyar wayar wani a aljihun gaba.

"Wannan ai mai gyaran wayata ne!" Malam ya faɗa da ƙarfi kafin ya kama bakinsa.

"Ni ne, Malam. Na yi rajista farkon shekara, sai sana'a ta riƙe ni. Kullum ina cewa gobe zan leƙo. Da ka gaya mini na ci ɗari, wallahi har gida na aika aka yi murna."

Shugaban Tsangaya ya riƙe kofin bai miƙa ba. "Sau nawa ka shiga ajin nan?"

"Har da yau, ranka ya daɗe? Ɗaya."

Zaure ya fashe da dariya. Shugaban ya ɗaga hannu. "To gwarzo, gaya mana. Rana ce ke zagaya duniya, ko duniya ce ke zagaya rana?"

Mai gyara ya sosa ƙeya. "Ranka ya daɗe, ni dai daga rumfata, rana ce. Da safe tana ta wajen masu lemo, da yamma ta dawo ta dame ni, sai na ja labule."

Ba a gama dariyar wannan ba 'Yar Gaba ta miƙe. Ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ranka ya daɗe, ni ban taɓa fashi ba. Lacca ashirin, har da wadda aka yi ta taga. Tambaya biyu kawai na kuskure a jarrabawa. Yau na ga F a allo, kuma an ce in je ofishin tallafi in sa hannu an cire ni. Zango guda ina zaune a nan ana yi mini feshi. Ina so a gaya mini laifina."

"Ba ki da laifi!" in ji Malam, gumi na bin gemunsa. "Ke ce tauraruwar ajin! Huɗu kika samu!"

"Huɗu," in ji Shugaban Tsangaya.

"Huɗu mai haske, ranka ya daɗe! A wurin masana, ƙaramar lamba ita ce haske. Wannan mai ɗarin shi ne ya fi kowa dusashewa. Na'ura ce ba ta juya ba. Laifin sakatariya ne, na rubuta mata da jan biro!"

Anti Mai Kwamfuta, wadda ta biyo kwamiti don kada a ba ta labari, ta amsa daga bakin ƙofa. "An ce in bar tunani ga waɗanda aka ɗauka aikin tunani, ranka ya daɗe. Na bari."

Shugabar Sashe ta matso, muryarta ta ƙara yin ƙasa. "Malam, ɗari biyu da goman nan da na kai wa kwamiti da hannuna ina yabonka, su waye?"

Malam ya dubi bayan zaure. Mutum ɗari biyu da goma suka ɗaga masa hannu cikin fara'a.

"Su ne... waɗanda haskensu bai iso ba tukuna," in ji shi. "Ranki ya daɗe, akwai tauraron da haskensa ke shekara dubu a hanya."

"Kwamiti ba zai jira ba," in ji ta.

Nan take aka umarci Anti ta juya makin kowa. 'Yar Gaba ta tashi da casa'in da shida da kofi, 'yan fanka suka tashi da abin da suka tara, murna ta koma zagi. Mai gyara ya tambaya ko za a bar shi ya ɗauki hoto da kofin kawai, tunda an riga an sanar a gida. Shugaban Tsangaya kuwa ya nemi a ba shi shafi na goma sha huɗu. Aka ciro na ƙarƙashin teburin Anti. Ya karanta a tsaye har ƙarshe, ya ninke ya sa a aljihu.

"Malam, wannan ma'auni naka zai yi mana amfani," in ji shi, ya fita.

Wannan jimla ita Malam ya ɗauka ya kai gida. Ya gaya wa 'yan layin famfo cewa an ɗan samu tangarɗar na'ura, amma Shugaban Tsangaya da kansa ya sa tsarinsa a aljihu, a gefen zuciya.

Ranar Alhamis ƙarfe uku Anti ta miƙa masa ambulan, ta ce, "Allah ya sa alheri, Malam." Ya farke tun a baranda. Takarda ce mai shafi biyu. A tsakiyar na farko, cikin akwati, an rubuta makin da kwamiti ya ba shi: casa'in da bakwai. Bai buɗe na biyu ba. Ya tari mota ya nufi gida yana nuna wa fasinjoji.

Ya tarar da kaya a tsakar gida, kwalaye sha ɗaya, gado a kwance, keken ɗinki a naɗe cikin bargo. Maƙwabta sun taru sallama. Sabon ɗan haya ma ya zo da mai fenti, suna tsaye da bokiti suna jira a ba su wuri.

"Casa'in da bakwai!" Malam ya ɗaga takarda sama yana juyawa don kowa ya gani. "Ukun da suka rage ma hassada ce! Ina mai tambayar makulli?"

Aka yi ta barka. Maman 'Yan Biyu ta goge hannu a zani ta karɓi takardar. Ta duba shafin farko, ta lashi yatsa, ta buɗe na biyu. Ta daɗe a kansa. Sannan ta karanta a fili, a hankali, yadda take karanta awon mai riga.

"Don girmama binciken malamin, kwamiti ya auna shi da ma'aunin da shi ya ƙirƙiro, kamar yadda yake a shafi na goma sha huɗu, inda babbar lamba ke nufin dusashewa. Ana buƙatar ya miƙa makullin ofis kafin ƙarshen mako."

Mai fenti ya ɗauki bokitinsa ya raɓa ta gefensu ya shige ɗakin da ya zama na wani. Matar ta dubi keken ɗinkinta a cikin bargo, idonta ya kawo ruwa, ta mayar da shi, don ba za ta yi kuka a gaban 'yan layin famfo ba.

"Ashe dai akwai maganar makulli," in ji ta.

A daidai nan aka ji hon a waje, dogo, sau biyu. Ƙarfe huɗu cif. Direba ya leƙo ta ƙofa yana murmushi, yana nuna agogo, ya ce ga shi bai makara ba, ina aka nufa?

Maman 'Yan Biyu ta ninke takardar ta sa wa mijinta a aljihun sabuwar riga, ta zauna a kan kwali.

"Fita ka yi masa bayani, Baban 'Yan Biyu," in ji ta. "Ka fara daga shafi na sha huɗu."